Wulaƙanci Kyauta, Ramuwa da Kuɗi: Tambayoyi da Amsoshi kan Gajerun Fina-finan Waya

Da wuya mai babbar waya ya wuni a TikTok, Facebook ko YouTube bai ci karo da gajerun fina-finan nan ba. Mutum ya shigo cikin kaya marasa fasali, a yi masa kallon hadarin kaji, a ci mutuncinsa a bainar jama'a, can sai reshe ya juye da mujiya: ashe shi ne mai kamfanin. Ga tambayoyin da masu kallo suka fi yi game da irin wannan fim.

Wane irin fim ake nufi?

Fim ne da aka daddatsa gunduwa-gunduwa. Kowane kashi minti 1 ne zuwa 2, labari guda kuma yakan kai kashi 60 zuwa 100, waɗanda in an haɗe su tsawonsu bai fi na fim ɗaya na sinima da yawa ba. A tsaye ake ɗaukarsa, daidai yadda mutum ke riƙe waya, don kada mai kallo ya ko juya hannunsa. A ƙasar Sin, inda sana'ar ta girma, duanju ake ce masa. A waje kuwa manhajoji irin su ReelShort da DramaBox ne suka yaɗa shi. Yana da ɗan'uwa a YouTube da Facebook, wato bidiyon darasi mai ɗan tsawo wanda kan ƙare da nasiha. Ana yin na soyayya, ana yin na gado, har da na mutane masu rikiɗa su zama kyarkeci, amma raina talaka da kunyar da ke biyo baya sun ratsa mafi yawansu.

Me ya sa labarin kusan ɗaya ne kullum?

Duba yadda ake shirya shi. Dattijo ya shigo wurin sayar da motoci da leda a hannu. Kyamara ta fara da takalminsa mai ƙura, sannan ta hau fuskar mai sayarwa, wadda ta riga ta yatsine. Ta ce, "Baba, ɓatan hanya ka yi? Ko tayar motar nan ta fi ƙarfinka." Ya ce dubawa kawai zai yi. Ta ture ledar, abincin da ke ciki ya watse a ƙasa, wasu masu sayayya suka fashe da dariya, ta ƙwala wa masu gadi kira. Ana cikin jan dattijo sai ga manaja a guje, ya rusuna har ƙasa: "Ranka ya daɗe, ba a sanar da mu kana tafe ba." Kiɗa ya buga, kyamara ta koma kan fuskar matar, baki buɗe, ido ya raina fata.

Wanda ke da minti ɗaya da rabi ba shi da lokacin gina halin mutum. Dole cikin daƙiƙa uku mai kallo ya san wa zai so, wa zai tsana, kuma babu abin da ke yin wannan aiki da sauri kamar sutura da kallon raini. Allon tsaye ba ya ɗaukar gari ko kasuwa, fuska ɗaya ko biyu yake ɗauka. Fuskar mai raini da fuskar wanda ƙaryarsa ta ƙare su ne mafi arhar abin da za a cika shi da su, kuma kowa a duniya yana karanta su ba tare da fassara ba. Sauran sauyin riga ne kawai: surukin da dangin mata suka mayar bawa, amaryar da uwar miji ta kira 'yar matsiyata alhali 'yar attajiri ce da ta ɓace tun tana jaririya, mai shara da ta zamo uwar shugaban kamfani, taron tsofaffin ɗalibai inda ake gwada motoci.

Daga ina aka samo shi?

Saiwarsa tana cikin littattafan intanet na ƙasar Sin. Tun 2003 dandalin Qidian ya fara sayar da labari babi-babi: na farko-farko kyauta, sauran sai ka biya. Marubucin da ke cin abinci ta wannan hanya dole ya rufe kowane babi da abin da zai hana mai karatu barci. Shekara da shekaru ana gwadawa, aka gano abin da ya fi ci: a danne jarumi, a ƙara danne shi, sannan a bar shi ya miƙe ya kunyata masu dannewar. Wajen 2020 kamfanonin littattafan suka riƙa ɗaukar irin waɗannan fage a bidiyo a matsayin talla, sai tallan ya yi farin jinin da ya nuna cewa shi kansa haja ne.

Daga nan abin ya tumbatsa. Garin Hengdian na lardin Zhejiang, wanda aka sani da manyan fina-finan tarihi, ya cika da masu ɗaukar fim a tsaye, haka Zhengzhou da Xi'an. Labari mai kashi 80 ana gama ɗaukarsa cikin mako guda ko kwana 10. A 2024 an ƙiyasta kasuwarsa a Sin a kan yuan (kuɗin Sin) biliyan 50.4, alhali duk gidajen sinimar ƙasar a shekarar yuan biliyan 42.5 suka tara. Masu kallo a can sun kai miliyan 662 a ƙarshen shekarar.

To yaya aka yi Turawa suka shigo ciki?

Kamfanin Crazy Maple Studio da ke Kalifoniya, wanda kamfanin COL na Sin ke da babban hannun jari a cikinsa, ya fito da ReelShort a 2022. Aka ɗauki tsarin labaran Sin aka ba 'yan wasan Amurka, aka sauya sunaye da gidaje. A Nuwamba 2023 manhajar ta hau saman jerin manhajojin nishaɗi na iPhone a Amurka. Yajin aikin marubuta da 'yan wasan Hollywood na shekarar, da ƙarancin aikin da ya biyo baya, sun tura ma'aikata da dama wannan fage.

Abin lura shi ne Hollywood ta gwada gajeren fim na waya tun kafin haka ta faɗi. Manhajar Quibi ta tara dala biliyan 1.75, ta ɗauko manyan taurari, ta buɗe a Afrilu 2020, a Oktoba ta sanar da rufewa. Masu ReelShort ba su nemi tauraro ba, abin da ke ƙona zuciyar mutum suka nema. A gefe guda kuma akwai Dhar Mann, Ba'amurke mai ɗakin shirya fim a garin Burbank na Kalifoniya, wanda tun 2018 yake sakin bidiyon darasi da yawancinsu ke tafiya a kan wanda ya raina wani sannan ya yi da-na-sani. Mujallar Forbes ta sa shi na 2 a jerin manyan masu shirya bidiyon intanet na 2024, da kuɗin shiga dala miliyan 45.

Me ya sa suke jan wulaƙancin har ya ishi mutum?

Saboda a nan kuɗin yake. Kashin farko-farko, wajen 8 ko 10, kyauta ne, kuma kusan dukkansu cin fuska ne tsagwaronsa. Daidai lokacin da manaja ya buɗe baki zai faɗi ko wane ne dattijon, sai allo ya kulle, a ce ka sayi sulallan manhaja ko ka kalli talla. Kamar mai shago ne da ya ba ka gyaɗa mai gishiri kyauta, ya zauna kusa da randa yana jiran ƙishirwa ta kawo ka. In ka biya ma ba za a shayar da kai ka ƙoshi ba: a kunyata mutum ɗaya, a fito da wani wanda ya fi shi isa, shi ma bai san ko wane ne jarumin ba, a koma farko. Shi ya sa jarumin ke ta ɓoye kansa ba tare da wani dalili mai kama hankali ba. Ranar da kowa ya san shi, cinikin ya ƙare.

Mafi yawan kuɗin da manhajojin ke samu a talla suke komawa, wato sayen gurbi a Facebook da TikTok don guntun fim ya faɗo gabanka. Guntun da ya fi sa mutane dannawa shi ake ƙara wa kuɗi, kuma marubuci na gaba shi zai kwaikwaya. Mai karanta littattafan Hausa na WhatsApp ya san wannan tsari: shafukan kyauta su ƙare daidai inda rigima ta kai wuya, sai a turo lambar asusu.

Amma ai darasi ne mai kyau: kada ka raina mutum. Ina matsalar?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, domin a fuska gaskiya ne. Amma a gwada abu ɗaya. A cire wurin da manaja ya rusuna. A ce dattijon nan da gaske manomi ne da ya zo birni, abin da ke aljihunsa kuɗin motar komawa gida ne, sha'awa ce kawai ta sa ya shiga ya ga mota. An zubar masa da abinci, an ja shi waje. Me fim ɗin zai yi masa? Babu. Labarin ba shi da hanyar share masa hawaye sai ta mayar da shi attajiri.

Ke nan laifin mai sayarwa a idon fim ɗin kuskuren lissafi ne: ta kasa gane mai kuɗi. Ma'aunin da ta auna dattijon da shi, da shi ɗin dai aka auna ta aka kayar da ita. Kuɗi ne ya yi magana da farko, kuɗin da ya fi shi ne ya rufe masa baki a ƙarshe. Abin da mai kallo ke tashi da shi, in an tace, shi ne: yi hattara da mai tsumma, don wataƙila ya fi ƙarfinka. Wannan tsoro ne, kuma tsoro ba ya kare talaka na ainihi, domin da zarar an tabbatar ba shi da kowa, shingen ya faɗi.

Addini ya zo da wani ma'auni daban. Farkon Suratu Abasa ya sauka ne game da Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makaho, wanda ya zo da tambaya lokacin da Annabi (SAW) ke tsaka da kiran manyan Ƙuraishawa zuwa Musulunci. Ba a bayyana daga baya cewa yana da ayarin raƙuma a ɓoye ba. Yadda ya zo haka ya kasance, kuma a haka aka ɗaga darajarsa. A hadisin da Muslim ya ruwaito daga Ibnu Mas'ud, an fassara girman kai da ƙin gaskiya da raina mutane, ba a ware waɗanda za su iya ramawa ba. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana wasu su yi wa wasu izgili don mai yiwuwa waɗanda ake yi wa sun fi su alheri, kuma fifikon da surar ta ambata bayan aya biyu na taƙawa ne. Fim ɗin waya ya ɗauki wannan "mai yiwuwa ya fi ka" ya cika shi da lambar asusun banki.

Wa ake hukuntawa a ƙarshe?

A lura da kyau, sau da yawa ba mai dukiya ba ne. Mai sayarwa ce, ko mai karɓar baƙi a otal, ko mai gadi, ko ma'aikaciyar jirgi, mutanen da su ma albashi suke jira. A rayuwa ta zahiri mai sayar da mota da kamasho take rayuwa, kuma akwai wanda ya koya mata wa za ta tara da murmushi, wa za ta share. Wannan mutumin ba ya fitowa a fim. In ma ya fito, shi ne ke korarta don ya wanke kansa, a tafa masa.

Sannan yawancin fuskokin raini na mata ne: uwar miji, budurwa mai kwaɗayi, ƙanwar miji mai baki. Hukuncin kuwa mari ne, durƙuso a gaban jama'a, kora daga aiki, ko jarumi ya ɗaga waya ya ce cikin minti biyar yana so kamfanin ubanta ya durƙushe. Mutum ɗaya ya iya talauta zuri'a guda da kiran waya saboda an ɓata masa rai, wannan ai shi ne ainihin abin tsoron da talaka ke fama da shi. Fim ɗin ya miƙa wa wanda muke so wannan iko, sai ya zama abin murna.

Ni ina jin sanyi a raina idan aka kunyata mai girman kai. Laifi ne?

Ba na ganin laifinka. Wanda aka taɓa barinsa tsaye a ofis ana shigar da masu manyan riguna, ko aka ƙi amsa sallamarsa a gidan biki, ko iyayen yarinya suka tambaye shi aikinsa sannan fuska ta sauya, ya san raɗaɗin da ake taɓawa. Yawancin irin wannan cin fuska ba a rama shi, haɗiye shi ake yi a tafi gida. Son ganin an bi wa wanda aka zalunta haƙƙinsa alama ce ta zuciya mai rai, kuma masu shirya fina-finan ba su ƙirƙiri ciwon ba, tarar da shi suka yi.

Abin da ya kamata ka sa wa ido shi ne abin da ke saura bayan ka ajiye wayar. In ka tashi da tausayin mai shara da mai gadin unguwarku, to ka amfana. In kuwa abin da ke yawo a kanka shi ne ranar da za ka yi kuɗi ka sa wane da wance su durƙusa, to fim ɗin ya ɗauki ciwonka ya mayar maka da shi buri irin na waɗanda suka raina ka.

Hukumomi sun ce wani abu?

A Sin sun ce, kuma ba sau ɗaya ba. Tsakanin ƙarshen 2022 da farkon 2023 hukumar rediyo da talabijin ta ƙasar ta sa an sauke gajerun fina-finai sama da 25,000. Daga Yuni 2024 aka wajabta tantancewa da rajista gwargwadon kuɗin da aka kashe wa fim. A Nuwamba 2024 ta fitar da jan kunne na musamman kan labaran hamshaƙin shugaban kamfani, tana gargaɗi kan kwaɗaita auren masu kuɗi da baje kolin dukiya da iko. Takarda na iya rage marin da ake nunawa, amma ba na jin za ta kashe kasuwar. Muddin mutum na dawowa daga aiki da takaicin da ba shi da inda zai kai, za a samu mai sayar masa da ramuwa a waya.

Ai mu ma muna da tatsuniyoyi irin haka. Mene ne bambanci?

Muna da su. 'Yar bora da aka aika wanki rafi mai nisa ta tarar da tsohuwa a hanya, ta yi mata ladabi, ta cuɗa mata baya, ta dawo da arziki. 'Yar mowa ta bi sawu da rashin kunya ta dawo da abin kunya. A nan ma tsohuwar tana da ikon da ta ɓoye. Sai dai tatsuniyar tana tafiya ne tare da yarinyar da ake jarrabawa, mai sauraro kuma a matsayinta yake zama: in ka ga mai rauni, me za ka yi? Fim ɗin waya yana zaunar da kai a kujerar mai ɓoyayyen iko, kana jiran lokacin da za ka buɗe fuska.

Tatsuniyar ma ba ta kuɓuta sarai ba. A wasu ruwayoyin sakayyar 'yar mowa ita ce ta dawo gari da rakiyar kutare da makafi, wato an mayar da naƙasassu abin azabtarwa. Raini yana iya ɓuya har cikin labarin da aka shirya don yaƙarsa.

Bidiyon da wani ke shigar talakawa ya gwada mutane fa?

Jini ɗaya ne, sai dai a nan akwai mutane na gaske. Wanda ya taimaka a ba shi kuɗi a gaban kyamara, wanda ya ƙi a watsa fuskarsa duniya ta zage shi, ba tare da an san halin da yake ciki ranar ba. Mai shago da ya hana bashi wataƙila shi ma bashin ne ya yi masa katutu. Da yawa kuma shiri ne tun daga farko.

Ina so in shirya irin wannan da Hausa. Me zan kiyaye?

Matasa da dama suna yi a TikTok da YouTube, galibi Alhaji ya yi shigar mai gadi don ya gwada budurwa. Tsarin na ja, ba sai an jefar da shi ba: shiga rigima tun daƙiƙar farko, rufe kowane kashi da abin da zai sa a nemi na gaba. Amma ka gwada barin talakanka ya kai ƙarshe yana talakansa. Mai gadi ya zauna mai gadi, kunyar mai raini ta zo ta wata hanya: ɗansa ƙarami ya maimaita kalmarsa a gaban baƙi, ko ranar da ciwo ya kayar da shi cikin dare mai gadin ne kaɗai ya san inda za a samu mota. Ka kuma ba mai rainin dalili. Wataƙila ita ma daga gidan haya ta fito, kuma tsoron komawa can ne ke sa ta hura hanci. Raininmu ma yana da nasa kamanni da ba sai an aro na Los Angeles ba: tambayar "ɗan gidan wane ne?", ƙyamar auren masu wasu sana'o'in gado, yadda ake miƙa wa almajiri abinci, kujerar da ake nuna wa mutum a wurin ɗaurin aure. Wannan ya fi wuyar rubutawa, kuma zai iya jan masu kallo a hankali fiye da mari da durƙuso.

Na sauke wata manhaja, kuɗi na ta fita daga asusuna. Yaya zan yi?

Hanya biyu suke karɓar kuɗi: sulallan buɗe kashi-kashi, da rajistar mako ko shekara. A Amurka rajistar mako a wasu manhajojin ta kai kusan dala 20, wato mako ɗaya ya fi kuɗin wata na ƙaramin tsarin Netflix. Rajistar tana sabunta kanta, kuma goge manhajar daga waya ba ya tsayar da ita. Sai ka shiga Play Store, ko saitin asusunka na Apple in iPhone ce, ka nemi wurin biyan kuɗi da rajista, ka soke ta daga can. In yara na taɓa wayar, ka saita ta yadda ba za a sayi komai ba sai an sa kalmar sirri ko zanen yatsa, ka kuma cire katin banki daga asusun in ba ka bukatarsa a ciki.